Sankarar huhu: nisan asibiti ma cuta ne



Yau maganarmu a kan wata cuta ce da ba kasafai ake kiran sunanta a garuruwanmu ba, wato sankarar huhu, wadda wasu ke ce wa kansar huhu ko dajin huhu. Ra'ayinmu a kanta za mu faɗe shi tun daga farko. Rai a hannun Allah yake, wannan ba gardama. Amma ko a gano cutar tana ƙarama, ko kuma sai ta gama jiki, wannan ya danganta sosai da garin da mutum yake zaune. Mutum biyu, shekarunsu ɗaya, tarinsu ɗaya, ɗaya a Yamai ɗaya a wani ƙauye na kwamin ɗin Safo, ba rana ɗaya za su san abin da ke damunsu ba. Na biyun ma wataƙila har ya koma ga Allah ba wanda ya san sunan ciwonsa.

Bari mu fara da girman abin. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022, mutum kusan miliyan 2 da rabi ne suka kamu da sankarar huhu a duniya, kuma kusan miliyan 1.8 suka rasu ta dalilinta. Duk cikin ire-iren sankara babu wadda ta kai ta kisa. Hukumar ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na masu cutar, taba ce sanadi.

Dalilin wannan yawan kisa shi ne cutar ɓarauniya ce. Naman huhu ba ya jin zafi kamar fata, saboda haka ƙari yana iya girma a ciki wata da watanni mutum na noma, yana zuwa kasuwa, bai ji komai ba sai ɗan tari. Likitoci sun kasa ta mataki huɗu. A mataki na 1 ƙarin yana nan cikin huhu, ana iya yin aiki a cire shi. A mataki na 4 ya riga ya tsallaka zuwa ƙashi, hanta ko ƙwaƙwalwa, abin da ya rage galibi shi ne a rage wa mutum raɗaɗi a jinkirta cutar. A Amurka, inda ake bin lissafin nan da kyau, cikin mutum 10 da aka gano cutarsu ba ta fita daga huhu ba, kimanin 6 suna nan da rai bayan shekara 5. Cikin 10 da aka gano bayan ta bazu, da ƙyar ake samun 1. Ga bambancin da wuri da makara nan.

To ko a can ɗin, cutar ba ta rabu daidai wa daida ba. Jihar Kentaki ita ce kan gaba wajen yawan masu sankarar huhu, jihar Yuta kuma ita ce ta ƙarshe. A cikin Kentakin ma, gundumomin gabas, na cikin duwatsu, su suka fi shan wahala: mutanen karkara ne, talakawa, masu haƙar kwal, ga shan taba, ga manyan asibitoci da nisa. In kun lura, taba, ƙurar rami da nisan asibiti, duk ukun ba baƙinmu ba ne a gundumar Madarunfa. Bambancin kawai, su can suna da taswira da ke nuna musu gunduma-gunduma inda ake gano cutar a makare, sai su san inda za su kai ɗauki.

A Ingila ma sun ga haka. A shekarar 2016, a birnin Mancesta, suka ɗora na'urar hoton ƙirji a kan manyan motoci suka kai ta bakin kantunan unguwannin talakawa, suka gayyaci masu shekaru da suka taɓa shan taba su zo a duba su. Daga baya aka faɗaɗa shirin a ƙasar. Cikin waɗanda aka samu da cutar ta wannan hanya, kusan 3 cikin 4 an same su a mataki na 1 ko na 2, alhali a da waɗanda ake ganowa da wuri ba su kai 1 cikin 3 ba. Mutanen su ne dai, cutar ita ce dai. Na'urar ce ta matso kusa da gida.

Yanzu mu dawo Nijar. In aka duba lissafin sankara a ƙasarmu, za a ga ta nono, ta bakin mahaifa da ta hanta su ne a gaba, ta huhu kuwa tana can baya. Wani sai ya ce alhamdu lillahi, ashe ba ta dame mu ba. Mu dai muna ganin a yi hattara da wannan lissafi. Kundin rajistar masu sankara na Nijar, wanda aka buɗe a 1992, a Yamai yake, kuma sunan mutum ba ya shiga sai an gano cutarsa a asibiti. Tsohon da ya yi wata takwas yana tari a ɗakinsa, ya rame, ya tofar da jini, ya cika, aka kai shi makwanci da la'asar, wa ya rubuta shi? Gida za a ce sanyi ne, ko tarin huka, ko sammu. Gaskiya ne jama'armu galibi matasa ne, kuma wannan cuta ta fi kama waɗanda suka manyanta, don haka ba mu ce ta kai yawan ta Turai ba. Amma shirun littafi ba shaidar lafiya ba ce. Rashin sani ya fi dare duhu.

Mu bi hanyar da mai tari ke bi daga ƙauyukanmu mu gani. Da farko mai tebur ko ɗan kemis, a sayi ƙwaya da sirop. Sai jiƙo da turare. In abin ya ƙi, a hau kabu-kabu zuwa CSI, majo ya rubuta ordinansi. In tari ya wuce mako 2, sai a tura majina awo don neman tarin huka, kuma hakan daidai ne, domin tarin huka ya fi yawa a wajenmu nesa ba kusa ba, maganinsa kyauta ne, kuma ana warkewa cikin wata 6. Matsalar tana nan a mataki na gaba. Tarin huka da sankarar huhu kamanninsu ɗaya: tari, rama, ciwon ƙirji, jini a majina. Idan awo ya nuna babu ƙwayar tarin huka, mai ciwo da danginsa sai su yi hamdala su koma gida. Ko kuma a sha maganin wata da watanni, babu sauƙi, a ci gaba da jira. A nan ne ake asarar watannin da suka fi kowane lokaci tsada.

Wanda ya daure ya ci gaba, gabansa akwai asibitin gunduma a Madarunfa, sai babban asibitin jiha da asibitin Referans a Maraɗi. Kafin a tabbatar da sankara sai an yi hoton ƙirji, an shiga sikana, an yanko ɗan nama an auna. In an tabbatar, kuma ana bukatar na'urar ƙona cutar da haske, wadda likitoci ke kira radiyoterafi, to sai Yamai, a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa, CNLC, wadda ta fara wannan aiki a 2021. Kafin shekarar sai dai a fita waje. Mun yaba da samuwarta ƙwarai. Amma daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, ga kuɗin mota na mai ciwo da mai jinya, ga masauki, ga abinci na makonni. Wasu su tsallaka Jibiya su nufi Katsina, Kano ko Zariya, can ma aljihu ne ke magana. Kowane mataki ana sayar da akuya, ko buhun hatsi, ko a jinginar da gona. In damina ce a ce a bari sai an yi girbi. In dare ne a ce a jira gari ya waye, saboda halin tsaron da kowa ya sani a yankinmu na kan iyaka. Mutumin Yamai duk waɗannan matakai cikin gari ɗaya zai yi su.

Kuma abubuwan da ke jawo cutar suna nan tare da mu. Fadamar Gulbin Maraɗi ta daɗe da sanin noman taba. Sigari kara-kara ake sayar da shi a kowane tebur, yaro ma in an aike shi za a ba shi. Shisha ta shigo wa samari. Dokar yaƙi da taba ta 2006 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, amma mu tambayi kanmu a tasha nawa ko majalisa nawa ake kiyaye ta. Iyayenmu mata da matanmu ba su shan sigari, amma shekara talatin, arba'in suna shaƙar hayaƙin icce da kara a madafa marar taga, da goyo a baya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin girki cikin abubuwan da ke janyo sankarar huhu. Ga samarinmu ƴan haƙar zinariya. Duk mun tuna ruftawar ramukan Garin Liman kusa da Ɗan Isa a watan Nuwamba na 2021, inda aƙalla mutum 18 suka rasu. Wancan rana ɗaya ya faru, duniya ta ji. Ƙurar dutsen da ake daka babu abin rufe hanci, a nan ko a Jado, ita a hankali take aikinta, sai bayan shekaru, lokacin da yaron ya dawo gida ya yi iyali.

Mun san abin da wasu za su ce: ana fama da masassarar cizon sauro da tamowa da mata masu rasuwa wajen haihuwa, ina ake ta sankarar huhu? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce a ɗauke kuɗin yara a sayo motocin sikana irin na Ingila ba. Abin da muke nema bai kai haka tsada ba, kuma amfaninsa ya wuce cuta ɗaya. Hoton ƙirjin da zai nuna ƙari shi ne zai nuna tarin huka da ya ɓuya, da ruwa a huhu, da kumburin zuciya.

Ga hukumomin lafiya na gunduma da na jiha, roƙonmu uku ne. Na ɗaya, ya zama ƙa'ida a kowace CSI: duk wanda ya haura shekara 40, yana tari, awon majina ya nuna ba tarin huka ba ne, ko ya sha magani bai ji sauƙi ba, a ba shi takardar zuwa hoton ƙirji nan take, kuma a bi sawunsa a ga ya je. Na biyu, a tabbatar a matakin gunduma kullum akwai na'urar hoto mai aiki da mai karanta hoton. Yau ana iya tura hoto ta waya zuwa ga ƙwararre a Maraɗi ko Yamai ya duba. Na uku, a riƙa rubuta garin da mai sankara ya fito da matakin da aka same shi, a fitar da lissafin kwamin-kwamin: Safo nawa, Gabi nawa, Sarkin Yamma, Jiratawa, Ɗan Isa da Madarunfa nawa. Sai an ga inda ɗaki ke yoyo ake sanin inda za a yaɓe. Sannan muna tuna wa gwamnati cewa tun 2007 aka ayyana maganin sankarar mata kyauta, kuma a 2024 an rage kuɗin magani a asibitocin gwamnati. A duba yadda za a tallafa wa mai jinyar da aka tura Yamai, ko da da masauki ne.

Mu ma akwai namu kason. Tarin da ya wuce mako 2 zuwa 3, jini a majina ko da sau ɗaya ne, dushewar murya da ta ƙi wucewa, rama ba dalili, haki a aikin da ka saba yi, ciwon ƙirji ko kafaɗa da ya zauna: kowanne daga cikinsu asibiti yake nema, ba mai tebur ba. In an ce awon majina lafiya lau amma tari na nan, ka koma ka ce, "Majo, har yanzu fa ban ji sauƙi ba, mene ne na gaba?" Tambaya ba rashin kunya ba ce. Neman magani kuma bai hana addu'a ba, a haɗa su biyun. Mai shan taba ya sani duk ranar da ya bari, haɗarin yana fara raguwa, ko shekararsa nawa. Maigida ya huda wa madafa taga, ko a fito da murhu fili. Ɗan rami ya rufe hanci, ya jiƙa dutse kafin daka.

Ku kuma ƴan uwa na ci-rani, in kun bugo waya kun ji Baba ko Inna na tari yau, kun sake ji wata mai zuwa, kada ku tsaya ga "Allah ya sawwaƙe" kawai. Ku aiko da kuɗin mota da na hoto, ku sa ƙane ya raka su, ku ce a turo muku sakamakon ku gani. Asusun da muke haɗawa don biki da suna, a ware wani abu a ciki don kai marar lafiya Maraɗi tun yana iya hawa babur da kansa.

Ba za mu iya ɗauko Yamai mu kawo Safo ba. Amma watannin da ake ɓatawa tsakanin tarin farko da hoton farko, waɗannan muna iya rage su, mu da hukuma. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana da mai tari a gida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun sake haɗuwa.