Fiziks a Batsari da Safana: Darasin da Bai Kamata a Guje Masa Ba

Sanin kowa ne cewa idan ɗalibai suka shiga babbar sakandare aka ce kowa ya zaɓi fanni, Fiziks ne darasin da aka fi tsoro. Ana cewa lissafinsa ya yi yawa, ga ƙarancin malamai, ga ɗakin gwaji babu kaya. A Batsari da Safana kuma an ƙara da matsalar tsaro daga dajin Rugu. Tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 1990 da talatin, wato 2020, iyaye da yawa suka ɗebe sha'awar makarantar kwana. Ba za a ga laifinsu ba. Duk da haka, ra'ayina shi ne yankin nan yana cikin wuraren da suka fi bukatar masu ilmin Fiziks.

Mu ɗauki batun ruwa. Ƙasar Batsari da Safana a kan dutse take zaune, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ko'ina yake ba. Yana taruwa ne inda dutsen ya ruɓe ko ya tsattsage. Shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a ci kuɗi mai yawa ba a tarar da komai ba, alhali 'yan taku kaɗan daga wurin akwai ruwa. To, yaya masana ke gane inda za a haƙa? Sukan kafa sandunan ƙarfe huɗu a jere, su tura lantarki cikin ƙasa ta biyun waje, su auna ƙarfinsa ta biyun ciki. Busasshen dutse yana tare lantarki ƙwarai, jiƙaƙƙe kuwa yana ba shi hanya. Wannan ba komai ba ne illa dokar Ohm, wadda Bajamushen nan Georg Ohm ya bayyana a 1827, ita ce kuma ɗalibi ke haddacewa don jarrabawar WAEC ko NECO bai san ranarta ba. Injin da zai ɗebo ruwan ma, idan na hasken rana ne, Fiziks ne ke juya shi.

Malamai kan ce babu kayan gwaji. Gaskiya ne, amma ba dukan gwaji ke neman kuɗi ba. A ɗaura tsakuwa a zare mai tsawon mita ɗaya, a rataye a reshen dalbejiya, a kaɗa ta a hankali, a ƙirga kai-komo 20 da agogo. Za a samu daƙiƙa 40 ko kusa da haka, wato daƙiƙa 2 ga kowane guda. Da wannan kaɗai yara za su fitar da saurin da jan ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗuwa, kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Yaron da ya samo lambar nan da hannunsa, da wuya ya sake cewa Fiziks sihiri ne.

Ina hanyar take kaiwa? JAMB ba ta barin mai neman karatun likita ko injiniya ya tsallake Fiziks. Makarantun ma ba nisa gare su ba: Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyar Safana ce, ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a garin, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. A Zariya kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004.

Abin da nake roƙon shugabannin makarantu shi ne su daina tura yaro ajin adabi don kawai ya faɗi lissafi sau ɗaya a aji uku, musamman 'yan mata, waɗanda asibitocinmu ke nema a sashen ɗaukar hoto. A ba shi zango ɗaya a ajin kimiyya tukuna.