Malika ta ari sunan Zazzau, ta bar Hausa a baya

Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Habude a Birnin Kudu ya ga shanun nan masu dogayen ƙahoni da aka zana da jan launi a jikin dutse, tun zamanin da ba a san takarda ba a wannan yanki. Ba da labari da zane ba baƙon abu ba ne a nan. Amma yau, yaron Birnin Kudu ko na Gwaram da ke son ganin jarumar ƙasar Hausa a littafin zane, sai dai a kawo masa ita daga Amurka, tana magana da Turanci.

Littafin shi ne Malika: Warrior Queen, kashi na farko, wanda ya fito a 2017. Roye Okupe, haifaffen Legas mazaunin Amurka, shi ya rubuta labarin a ƙarƙashin kamfaninsa YouNeek Studios, Chima Kalu ya yi zanen, daga baya kamfanin Dark Horse ya sake buga shi a 2021. Okupe bai ɓoye ba cewa daga Sarauniya Amina ya samo jarumar tasa. Ko bai faɗa ba, sunan daular ya isa: Azzaz, wato Zazzau aka yi wa ɗan juyi.

A ba shi haƙƙinsa. Malika ba ta zauna jiran wani ya zo ya cece ta ba. Ita ce sarauniya, ita ce kuma ke gaban rundunar yaƙi da takobi a hannu. Zanen fagen fama yana da rai ƙwarai: dawaki, ƙura, fuskokin mayaƙa, har yaron da Turancinsa bai nuna ba zai iya bin abin da ke faruwa da ido kawai. Abin da ya fi kyau ma shi ne rikicin cikin gida. Manyan fadarta suna durƙusa mata da rana, da dare wasunsu suna ƙulla mata tuggu. Wanda ya san tarihin fadojin ƙasar Hausa ya san a nan marubucin ya taɓo gaskiya.

Daga nan ne zaren ya fara kubce masa.

Abokan gabar Malika dakarun daular Ming ne ta ƙasar Sin. Gaskiya ne jiragen ruwan Ming a ƙarƙashin jagorancin Zheng He sun kai gaɓar gabashin Afirka, irin su Malindi da Mogadishu, a farkon ƙarni na 15, amma babu rundunar Ming da ta taɓa taka yammacin Afirka. Ƙagaggen labari ne, ba wanda zai kai marubuci kotu. Sai dai me ya kai shi Sin neman abokin faɗa? Tarihin Kano ya kawo Amina a zamanin Sarki Dauda, ya ce shekara 34 ta yi tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ga Kwararrafa, ga ganuwar da har gobe ake kira da sunanta. Kaya ne jibge a ƙofar gida, aka tsallake.

Haka ma ƙarfin sihirin da ke cikin littafin. Takobin Malika da macijin nan mai fukafukai na tatsuniyoyin Sin da Turai aka danganta shi. Ƙasar da ke da layar zana da baduhu, da 'yan tauri masu gasa wa wuƙa aiki a jikinsu ranar hawan sallah, da macijin rijiyar Kusugu, ba ta rasa abin ba jarumarta ba. Aro ba laifi ba ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga labarin wani gwarzon Rasha aka samo shi, amma an sa masa riga da rawani har mai karatu ba ya jin baƙunta. Malika kuwa suna kawai aka ara mata, ba ta da kirari, ba ta da maroƙa, bakinta bai iya karin magana ba.

Sai babbar matsalar, wadda ba ta marubucin kaɗai ba ce. Littafin da Turanci yake, kuɗinsa da dala ake lissafawa, kuma ba a shagon littattafan Gwaram ko na kasuwar Sara za a same shi ba. Alhali matasan da ke cika shagunan cajin waya suna tura finafinan Indiya masu fassarar Algaita sun nuna cewa muddin jarumi ya yi Hausa, to ya samu kasuwa.

Littafi ne mai kyan zane da ya cancanci a karanta, amma Amina ba ta cikinsa. Masu buga littattafai a Kano da Zariya su nemi izinin fassara shi zuwa Hausa. Malaman zane na makarantun Birnin Kudu da Gwaram kuma, a kwashi ɗalibai a kai su Dutsen Habude da takarda da fensir.