Ɗan Aike Ba Shi Da Laifi

Direba a Ka'akiyya, unguwar kasuwar dabbobi da kayan miya ta kudancin Makka, ya sa wa motarsa sabuwar sensa ta oksijin, amma fitilar gargaɗi ba ta mutu ba, mota kuma sai ƙara shan mai ta ke yi. Sau da yawa bakanike ya kan ce jabu ce, a sayo wata. A ganina wannan gaggawa ce.

Ita wannan na'ura, wadda kamfanin Bosch ya ƙera, a ka fara sa ta a motocin Volvo a 1976, ɗan aike ce kurum. Tana sansana hayaƙin salansa, ta gaya wa kwamfutar mota ko mai ya yi yawa ko iska. Ba ta aiki sai zafinta ya kai wajen digiri 300, shi ya sa a ke yi mata abin ɗumamawa a ciki.

To, in fis ɗin wannan ya ƙone, ko waya ta tsinke, na'ura ba ta da laifi. In salansa ta huje a gabanta, iskar waje za ta ruɗe ta. Baƙin mai ko ruwan lagireto da ke shiga hayaƙi kuwa, kamar yadda su ka kashe tsohuwa haka za su kashe sabuwa.

Saboda haka a duba waɗannan tukuna, a tabbata lambarta ta dace da motar, sa'an nan a goge tsohon laifi daga kwamfuta. Kuɗin direba guminsa ne. Mu kwana lafiya.