A Goge Salansa, Amma Kada a Fasa Ta

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata al'ada da ta shiga samarin unguwarmu ta Ƙofar Mazugal wadda nake so in faɗi ra'ayina a kanta, domin na san da yawanmu ba su da burin da ya wuce su gama makaranta su mallaki babur. Al'adar kuwa ita ce yi wa salansa kwalliya. Wasu gogewa suke yi, wasu kuma fasawa. Masu gogewa ina bayansu. Masu fasawa kuwa, a ganina, cutar jama'a suke yi da sunan gayu.

Mu mutanen gindin Dala ba baƙi ba ne a sha'anin ƙarfe. Masana tarihi sun nuna tun wajen ƙarni na 7 ake narka tama a Dutsen Dala, ga kuma labarin Abagayawa maƙera da kowane ɗan Kano ya sani. Saboda haka idan na ga saurayi ya tsuguna a ƙofar gida yana murza salansa da tsumma har ya ga fuskarsa a ciki, ban ga laifinsa ba. Gado ne.

Sai dai da yawa ba su san abin da suke gogewa ba. Ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya haɗa a garin Shefil na Ingila a 1913, ƙarfe ne da aka gauraya da sinadarin kiromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Shi kiromiyam idan ya haɗu da iska sai ya yi wata 'yar fata siririya wadda ido ba ya gani, ita ce ke tare tsatsa, kuma ko an kankare ta takan sake fitowa da kanta. To, wanda ya ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya ya dirje salansa, burbushin soson zai maƙale a jikinta. Damina na sauka sai ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa, mai babur ya kama rantsuwa wai an sayar masa da jabu, alhali shi ya shuka abinsa. Yadda ya kamata a yi shi ne a bari ta huce, a wanke da ruwa da sabulu, a bi ta da jiƙaƙƙiyar samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, watau daga lamba 400 zuwa 800 har 1200, sa'an nan a ƙarasa da man goge ƙarfe da tsumma mai tsabta. Wani abu kuma, salansar yawancin ƙananan baburan da ke yawo a gari baƙin ƙarfe ne aka yi wa fenti ko shafen kiromiyam a sama. Irin wannan idan samfefa ta cinye shafen, shi ke nan, sai tsatsa.

Launin da ke fitowa a wuyan salansa kusa da inji shi ma ba datti ba ne, zafi ne. A wajen digiri 300 ƙarfen yakan yi ruwan ɗorawa, idan zafin ya doshi 600 ya koma shuɗi. Ana iya goge shi, amma zai dawo.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A cikin tulun salansa akwai 'yan ɗakuna da bututu mai huji-huji, waɗanda ke karya ƙarfin hayaƙi kafin ya fito. Su ne samari ke kai wa mai walda ya yanke ya fitar, wai don babur ya ƙara gudu. Ina gudun yake? Injin Boxer mai ƙarfin sisi 100 ba zai zama na tsere ba don an huda masa bututu. Abin da ke faruwa shi ne, an daidaita kafireta da salansar da kamfani ya sa. Da an fasa ta, ma'aunin iska da mai ya kan karkace, iska ta yi yawa, inji ya riƙa ɗaukar zafi, har bawul ya iya ƙonewa. Wuyan salansar ma ya fi saurin yin shuɗi, ga shi ya ƙara wa kansa aikin guga. Ƙara ce kawai ta ƙaru, kunne ya yaudari mai shi.

Ita ƙarar kuwa ba shi kaɗai ke shan ta ba. Wanda ya san cikin birni ya san lungunanmu matsattsu ne, katanga na kallon katanga, sauti ba shi da wurin tafiya sai cikin ɗakunan mutane. Akwai jariri da aka sha wuya kafin ya yi barci, akwai tsohuwa mai hawan jini, akwai almajirai a soro suna karatu. Masana lafiyar kunne sun ce ƙara mai desibel 85 tana lahani idan aka wuce awa takwas a cikinta, mai desibel 100 kuwa minti 15 ya isa. Kunnen da ya fi kowanne kusa da salansar kuma na mai babur ne.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Fasasshiyar salansa takan yi tas-tas kamar bindiga idan an saki totur. Mu yara ne a lokacin, amma iyayenmu ba su manta da ranar 20 ga Janairu, 2012 ba, da aka kai hare-hare a Kano aka kashe mutum fiye da 180. Ba su manta da harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a Janairun 2013 ba, wanda bayansa gwamnati ta hana acaɓa a birni. Mutumin da ya ga wannan zamani, ka bi ta bayan ɗakinsa da tsakar dare kana harba masa salansa, ka ce wasa kake yi?

Tun 2009 ƙasar nan take da ƙa'idojin hana yawan ƙara, amma ni ban ga sai an jira hukuma ba. Salansa ba ta fasa kanta, sai an kai wa mai walda. Ina roƙon masu unguwanni su zauna da shugabannin masu walda da bakanikai na yankinmu, daga Ƙofar Mazugal har Ƙofar Ruwa, a yi shawara a daina karɓar wannan aiki. Wanda ya kawo tasa a like masa huji ko a mayar masa da bututun ciki, wannan a yi masa, har ma a rage masa kuɗi.