Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Ga Masu Rubuta Shirin Tufafi Na Talabijin



Yau da faɗa na zo, kuma da 'yan gida zan yi shi. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A 'yan watannin nan mutum uku daga cikinmu sun turo mini daftarin shirin talabijin, in duba musu kafin su kai wa masu tasha. Duka ukun a kan tufafi da ɗinki ne, kuma duka a situdiyo za a ɗauka. Ba su san juna ba, amma da za a goge sunayensu a gauraya takardun, su kansu ba za su gane nasu ba. Teloli goma sha biyu, alƙalai uku, mai gabatarwa, dogon dandamali da fitilu, kowane mako a sallami mutum ɗaya. A wurin da aka tanada don bincike, ɗayansu layi biyu ya rubuta, wai ya kalli shirye-shiryen kayan yayi da dama a YouTube. Na tambaye shi wace fitowa ce ya kalla daga farko har ƙarshe. Ya ce ai guntaye ne, na minti uku-uku.

Ɗan uwa, data ka ƙona, ba ka yi bincike ba. Ka hango Dala daga nesa ka dawo kana ba mu labarin birni.

Abin da su ukun suka kwafo, ko sun sani ko ba su sani ba, shi ne Project Runway, shirin da aka fara nunawa a tashar Bravo ta Amurka a watan Disambar 2004, Heidi Klum na gabatarwa. Abin haushin shi ne fatar shirin suka ɗauko, suka bar ƙashinsa. Mai kallon guntaye dandamali yake gani da fitilu. Wanda ya zauna ya kalli fitowa guda cikakkiya zai ga cewa tafiyar dandamalin 'yan mintoci ce a ƙarshe. Yawancin lokacin a ɗakin ɗinki yake tafiya, inda aka ɗaure masu gasar da igiya uku: kuɗi ƙayyadaddu, lokaci ƙayyadadde, da sharaɗi mai wuya. A fitowar farko ta shirin ma ba kantin yadi aka kai su ba, kantin kayan abinci aka kai su, aka ce kowa ya haɗa sutura da abin da ya samu a ciki. Wanda ya yi nasara, Austin Scarlett, da ɓawon masara ya yi rigarsa. Abin da ya riƙe mai kallo shi ne fargabar ko wannan ɓawo zai kai dandamali bai wargaje ba.

Sannan ga Tim Gunn, wanda a lokacin malami ne a makarantar zane ta Parsons da ke New York. Ba alƙali ba ne, ba ya ba da maki. Yana zagayawa ne tsakiyar aiki, ya dubi abin da kake yi, ya nuna maka ramin da ke gabanka. Amfaninsa ga marubuci a fili yake: ta bakinsa mai kallon da bai taɓa riƙe almakashi ba yake fahimtar me ke shirin lalacewa. Babu ko ɗaya cikin daftarin nan uku da ya tanadi irin wannan mutum. Ba su gan shi ba, domin guntayen minti uku ba su cika nuna shi ba.

Kuma wa ya ce muku shirin tufafi dole gasa ne? Elsa Klensch ta yi shekara 21 tana gabatar da shirinta a CNN, daga 1980 zuwa 2001, kuma aikin jarida ta yi: ta je, ta gani, ta tambayi masu zanen tufafi. Jeanne Beker ta riƙe FashionTelevision a Kanada daga 1985 har 2012. A Ingila, BBC ta fara The Clothes Show a 1986, shiri mai tsarin mujalla da ke kawo maganar sutura kusa da mai saye. A 2001 BBC ɗin ta kawo What Not to Wear, inda 'yan uwa ko abokai ke kai sunan mutum, a ɗauke shi a ɓoye, sannan a tsayar da shi gaban madubi a kushe shigarsa kafin a gyara masa. Gasa, rahoto, mujalla, gyaran shiga: gida huɗu ke nan, kowanne da kuɗinsa da irin mutanen da yake buƙata. Wanda bai san da su ba bai zaɓi gasa ba, faɗawa cikinta ya yi don ita kaɗai ya sani.

Yanzu bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, domin na san akwai masu jiran su ce: "Ai dama mun faɗa, me ya kai Bahaushe kallon shirin Turawa? Ba al'adarmu ba ce." Ku ma ban bar ku ba. Wannan lalaci ne ya sa rawani. Wanda ya ƙi nazarin aikin waɗanda suka riga shi, kurakuransu zai maimaita da kuɗin wani. Sai ka kalli What Not to Wear da idon marubuci za ka gane cewa man da ke tafiyar da shi tozarci ne, ka kuma tambayi kanka wace matar aure ce a Kano ko Damagaram za ta yarda a yi mata haka, kuma wane dangi ne za su kai sunanta. America's Next Top Model na Tyra Banks ya fara a 2003, ya yi tashe, amma a 2020 da aka tono tsoffin guntayensa aka yi ta suka kan yadda aka riƙa mu'amala da 'yan matan, har ita kanta ta fito ta amsa cewa an yi kuskure a wasu wurare. Wannan darasi kyauta ne a gare ka, wasu ne suka biya kuɗinsa.

Wani lokacin ma maganin matsalarka yana can a shirin da ka raina. Babbar tambayar da ke gaban duk mai shirin tufafi a wurinmu ita ce: wa zai sa kayan a gaban kyamara, kuma a wace shiga? Dubi The Great British Sewing Bee, wanda BBC ta fara a 2013. Masu gasar ba ƙwararru ba ne, masu ɗinkin gida ne. Kowace fitowa jarrabawa uku ce: ɗinki bisa tsarin da aka ba ka, sauya tsohuwar riga ta zama sabon abu, sai ɗinki bisa awon mutum. Biyun farko a jikin mutum-mutumi ake duba su, alƙalai su matso su juya ɗinkin, su duba bakin hannu da zaman wuya. Ga shiri ya yi farin jini ba tare da dogon dandamali ba. Wanda ya ce ba zai kalla ba, ta ina zai samo wannan dabara?

Rabin binciken ke nan. Sauran rabin ba a waya yake ba, a ƙafa yake. Cikin masu daftarin nan uku babu wanda ya wuni a shagon tela. Da sun je, da sun san cewa agogon da Amurkawa ke ƙirƙira don tayar da hankali mu Allah Ya ba mu shi kyauta: goman ƙarshe na azumi, kaya jibge, wuta ta ɗauke, mai kaya na tsaye a bakin ƙofa, gobe Sallah. Da sun san surfanin hannu na babbar riga, irin aska biyu ko aska takwas, aikin makonni ne ko watanni, don haka wanda ya rubuta "a yi shi cikin awa shida" ya tona wa kansa asiri. Da sun leƙa Kantin Kwari sun ji yadda ake cinikin shadda da atamfa da leshi, sun ga waɗanda za su iya ɗaukar nauyin shirin. Da sun tsaya a marinar Ƙofar Mata sun ga fitowa guda sukutum a kwance tana jiran mai rubutawa. Da sun karanta tarihin FIMA, bikin kayan yayin Afirka da Alphadi ya fara a hamadar yankin Agadas a 1998, da sun san maganar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu.

Akwai kuma tambayoyin da mai kyamara da mai sauti kaɗai za su amsa maka. Shadda mai ƙyalli tana mayar da hasken fitila. Yadi mai ƙananan ratsi yana rawa a allon talabijin. Keken ɗinki goma a ɗaki ɗaya, ga janareta a waje, wa zai ji abin da mai gabatarwa ke faɗa? Furodusa zai yi maka waɗannan tambayoyi a minti biyar na farko, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada wani ya ce na cika zafi a kan ƙaramin abu. Tsarin shiri dukiya ce da ake sayarwa da lasisi. Project Runway da aka yi a Afirka ta Kudu a 2018 da izinin masu shi aka yi. Kai kuwa da ka kwafe shi ka sauya masa suna, ka jefa tashar da ta yarda da kai cikin haɗari. Ko ba a kai ga haka ba, ƙofar da ka ɓata ba taka ba ce kai kaɗai. Furodusan da ya karanta daftarin aro sau uku, na huɗu ba zai buɗe ba, kuma wataƙila na huɗun nan na wata ƙanwarmu ce da ta yi wata biyu tana zaman shagon ɗinki da littafinta. Zanen aro ba ya rufe katara, balle ya rufa wa na bayanka asiri.

Ga aikin wannan mako ga duk mai niyyar irin wannan shiri. Zaɓi shiri biyu daga gida daban-daban cikin waɗanda na ambata. Kalli fitowa ɗaya cikakkiya daga kowanne sau uku. Na farko ka kalla kamar kowa. Na biyu ka riƙe biro da agogo, ka rubuta minti nawa kowane sashe ya ci, wurare nawa aka shiga, mutum nawa suka yi magana. Na uku ka kashe sautin, ka lura da inda kyamara take tsayawa. Daga nan ka amsa tambaya ɗaya a layi ɗaya: me mutumin da ke cikin shirin nan zai rasa idan ya faɗi? Sannan ka je ka gai da telan unguwarku, ka roƙe shi ya bar ka ka wuni a benci, bakinka a rufe, kunnenka a buɗe.

Wanda ya yi haka ya turo mini daftarinsa, zan karanta har ƙarshe. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, ga fili, amma ya zo da sunan fitowar da ya kalla.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa, in muna da rabon ganinsa.