SHARHI: Jinin Kwata Da Yunwar Gona

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Duk wanda ya taɓa bi ta babbar kwatar Kano da ke Fagge da hantsi ba ya bukatar dogon bayani. Jinin shanu da raƙuma, da abin da aka zazzage daga tumbi, duk suna bin lambatu su gangara Jakara, ruwan da masu lambu ke ba latas da alayyafo da shi. Daga nan ƙazantar ta dawo akushin talaka.

A lokaci guda kuma manomi na kukan taki. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 takin zamani ya yi tashin gwauron zabi, duk da cewa a wannan shekarar ce aka buɗe katafaren kamfanin taki na Ɗangote a Legas. Shugabannin Afirka kuwa tun 2006 suka taru a Abuja suka yi alkawarin kai amfani da taki zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Wa'adin ya zo ya wuce. To, har yaushe al'umma za ta zauna jiran waɗanda ba su san ciwonta ba?

Alhali Allah Ta'ala Ya halicci wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda aikinsu ke nan, ruɓar da abu su mayar da shi abincin ƙasa. Busasshen jini cike yake da sinadarin naitirojin, wanda saboda shi ake sayen yuriya. Ƙashi kuma na ɗauke da fosfaras. Abin da ake yi shi ne a cakuɗa sharar kwata da ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi ko garin katako, a tsiba, a riƙa yayyafa ruwa daidai gwargwado, ana juyawa domin iska ta shiga. Cikin 'yan kwanaki tsibin zai ɗau zafi har ya haura digiri 55, kuma wannan zafin ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. Bayan wata biyu zuwa uku sai ya zama baƙin taki marar wari. Wanda ya yi gaggawa ya kai shi gona ɗanye, ya ƙone shukarsa.

Wani zai ce ai jinin yanka najasa ne. Haka ne. Amma malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa kashin dabbar da ake ci mai tsarki ne, kuma shukar da ta sha najasa ba ta zama najasa. Inda haɗari yake shi ne dabbar da ta faɗi ta mutu haka kawai. Cutar saifa da ta ɓulla a Suleja a 2023 zafin tsibi ba ya kashe ta, irin wannan mushe sai ƙonewa ko binnewa da zurfi.

Saboda haka wannan jarida na kira ga 'yan uwa matasa, musamman ɗaliban kimiyya da aikin gona, da su daina ganin wannan aiki a matsayin ƙasƙanci. Kowace da'ira ta nemi zama da Sarkin Fawa da mahautan garinta, ta nemi fili nesa da rijiyoyi da gidaje, ta tanadi baro da shebur da takalman roba da safar hannu. Ranar layya, da ake zubar da kayan tumbi a kowane lungu, ta isa a tara tsibin farko, a gwada shi a gonar wani ɗan uwa kafin a ce za a sayar wa kowa.