Sharhi: Ƙauyen Da Ake Sayarwa Da Manomansa A Ciki

A gundumar Nottinghamshire ta Ingila akwai wani ƙauye, Laxton, wanda shi kaɗai ya rage a ƙasar da har yanzu ake noma irin na kaka da kakanni: manyan filaye uku babu shinge, kowane manomi da 'yan gonakinsa dogaye, a warwatse cikin na maƙwabta.

To amma fa manoman ba su ne masu ƙasar ba, 'yan haya ne. A 1625 wani attajirin Landan, William Courten, ya sayi ƙauyen, kuma a 1635 ya sa aka zana masa taswirar da ta nuna kowace gona, wadda ke ajiye a Oxford har yau. A 1640 ƙasar ta koma hannun iyalin Pierrepont, ta yi shekara fiye da 300 a gidansu. Ma'aikatar noma ta saya a 1952, hukumar kadarorin masarauta ta karɓa a 1981, sannan a 2020 aka sake sayarwa ga gandun Thoresby. Duk cinikin nan a rubuce yake, tsaf. Sai dai ko sau ɗaya sunan mai riƙe da garma bai shiga layin masu saye ba.

Sauran ƙauyukan Ingila ba su yi wannan sa'a ba. Tsakanin 1604 da 1914 majalisar dokoki ta zartar da dokokin killace filaye fiye da 5,000, suka cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar. Da doka aka yi, da sa hannu da hatimi. Talakan da ke kiwon saniyarsa a makiyayar gari, shi da ba shi da takarda, ya wayi gari ya tarar da shinge.

A ganinmu, abin da ya riƙe Laxton ba takardar ciniki ba ce. Kotun ƙauyen ce. Kowace shekara bayan girbi, mutum 12 daga cikin mazauna sukan zaga filin da aka bari ya huta, su kafa turaku a kan iyaka, wanda ya ci gefen hanya da garma a ci shi tara. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, amma wa ke son a kira sunansa gaban maƙwabta?

Shi ya sa muke jan kunnen masu cewa da an raba takardun mallaka rigimar gona ta ƙare. A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, kuma ta amince da haƙƙin gargajiya. Madalla. Amma idan kwamitin ƙauye ba shi da ko kuɗin man babur da zai je ya duba burtali, ai mai kuɗin da ya zo daga birni da takarda a aljihu zai riga shi isa wurin.